Garwar Goggo Buakham

Kiran farko da hantsi ya shigo, ina tsugune a bayan motar asibiti ina wanke taɓon da ya manne wa takalmina. Kawu Inta, direbanmu, ya leƙo ta taga riƙe da oba-oba.

"Saifon, bar kwalliyar nan haka. Huai Saeng za mu. Wai wani tsoho ne ɓarin jikinsa ya shanye."

Aikina ke nan a asibitin gundumarmu, ceton gaggawa. Inda ciwo ya kayar da mutum nan nake zuwa, in riƙe shi da ransa har in miƙa shi hannun likitoci. Huai Saeng can cikin tsaunuka take, hanyarta duk kwana ce da gangara, amma garin mahaifiyata ne. Babu gidan da ban taɓa cin shinkafa a cikinsa ba tun ina yarinya.

Wanda aka kira mu dominsa Baba Tip ne, mai saƙa kwanduna. Muka same shi jingine da ginshiƙin gidansa, 'yarsa tana yi masa fifita. Idanunsa rabi a rufe kamar mai jin barci, maganarsa ta yi nauyi. Na ce ya matse hannayena. Ya matse, dama da hagu ƙarfinsu ɗaya. Bakinsa bai karkace ba, jikinsa ba zafi, hankalinsa kuma garau.

"Baba, yatsu nawa kake gani?"

"Rabu da yatsu," ya ce da ƙyar. "Ke ma biyu nake ganinki. Kuma duk cikinku ba mai miji."

Kawu Inta ya fashe da dariya. Ni ma na yi, amma raina bai kwanta ba. Na sha ɗaukar masu shanyewar ɓarin jiki, ba haka suke ba.

Muna cikin sa shi a mota sai ga wata mata da gudu, wai mu biya gidan Malama Wilai ta makarantar firamare, tun safe ruwa ya ƙi wuce mata maƙogwaro. Malama Wilai sa'ata ce, ba ta da hawan jini, ba ta da komai. Amma ga ta nan, fatar idonta ta faɗo, tana ganin abu biyu-biyu, bakinta a bushe ƙayau. Muka haɗa su biyun muka kamo gangara. Ina zaune a tsakaninsu na ciro waya na kira Likita Oranuch.

Likita Oranuch ba ta zama a ɗakin duba marasa lafiya. Ita aikinta bin sawun cuta: daga ina ta taso, wa ta kama, wa za ta kama gobe. 'Yar firit ce, mutuniyar kudu, kullum cikin dogon takalmin roba. Duk mako sai ta zo rumfar da muke ajiye motoci da ƙunshin soyayyiyar ayaba, ta zauna a benci tana tambayarmu su wa muka ɗauko, daga wane gari, me suka ci. Shi ya sa Kawu Inta ya raɗa mata suna Likita Me-ka-ci, a gabanta ma haka yake kiranta. Ta sha gaya mana, "Ni sai cuta ta iso asibiti nake ganinta, ku kuwa har ɗakinta kuke tarar da ita. In kun ɗauko mutum biyu iri ɗaya daga wuri ɗaya, kada ku jira na uku, ku kira ni."

Na zayyana mata abin da na gani. Ta yi ta jefo tambayoyi a gajarce. Zazzaɓi? Babu. Sun san inda suke? Sarai. Gida ɗaya suke? A'a, ko dangi ba su haɗa ba.

"An yi wani taro a garin kwanan nan?"

Kawu Inta ne ya amsa daga gaba, da ƙarfi don ta ji. "Shekaranjiya aka yi bikin sadaka a haikali. Gari duka ya ci, har da baƙi."



"Saifon," ta ce, muryarta ta sauya, "ki bar kallon hawan jininsu, ki sa ido a kan numfashinsu. Ina bakin ƙofa ina jiranku."

A bakin ƙofar kuwa muka same ta. Ta duba su biyun tare da likitan da ke aiki a ranar, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ta buga waya babban asibitin lardi. Kafin mu gama canza zanin gadon mota, ta riga ta haye ta zauna da jakarta a cinya.

"Kawu Inta, mu koma."

A hanya ta yi mini bayani. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa, ba ruwanta da kowa. Amma in ta samu kanta cikin abincin da aka rufe ruf, iska ba ta shiga, sai ta fara fitar da guba. Gubar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Daga sama take kama mutum ta gangaro: ido, maƙogwaro, hannuwa, sannan ƙirji. Mutum yana jin komai, yana gane kowa, amma numfashi ya gagare shi.

"Akwai makari," ta ce, "sai dai a babban birni yake, kuma masu ajiye shi za su tambaye ni mutum nawa. Haka masu na'urar numfashi. Ni zan nemo abincin da waɗanda suka ci shi. Ke ki ware mini waɗanda ƙirjinsu ya fara gajiya. In ba ke, ban san wa zan fara turawa ba."

"In ba ke kuma, ni ban san gidan da zan ƙwanƙwasa ba," na ce.

"To kun ga," in ji Kawu Inta, "ni ne dai ba a bukata. Motar da kanta take hawa tsauni."

Da muka isa, mai gari ya hau lasifika ya ce duk wanda ya ci abincin biki ya taho rumfar haikali, mai lafiya da marar lafiya. Mutane suka yi ta zuwa, wasu a kan babur, wasu an riƙo su. Na kama gefe guda. Duk wanda ya zo sai in duba idonsa, in ba shi ruwa kaɗan ya haɗiye, sannan in ce ya ja numfashi ya cika ƙirji ya yi ta ƙirga har iskar ta ƙare. Wanda ya yi nisa ya koma ya zauna inda zan riƙa ganinsa. Wanda muryarsa ta mutu tun a farko-farko, shi ne na mota. Kafin rana ta take, motocin asibitin maƙwabtan gundumomi sun fara isowa, saboda wayar da Likita ta buga.

Ita kuwa ta cire takalmin robarta ta zauna a kan tabarma, tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, me ka ci, me ka bari. Tsofaffinmu ba sa gane harshenta na kudu sosai, ita ma namu yana ba ta wuya, sai ta riƙa ɗago kai tana nemana. "Saifon, me Iya ta ce?" In amsa mata daga inda nake, hannuna a wuyan wani.

Can na lura da wani abu, na matsa kusa da ita. "Likita, waɗanda na tura mota yawancinsu masu aikin girki ne da masu ɗaukar kujeru. Su ne suka ci daga baya, a bayan madafa."

Ta kalle ni, ta koma kan mutanen ta sake tambaya, wannan karon me aka ci a bayan madafa. Nan abin ya fito. Miyar tsiron gora kowa ya sha, har babban malamin haikali, wanda ya ce shi ban da miya ba abin da ya taɓa, don haƙoransa sun riga shi barin duniya. Lafiyarsa kuwa ƙalau. Amma akwai ragowar tsiron goran da ba a zuba a tukunya ba. Shi aka yanka haka nan daga garwa, aka jera a faranti, ana dangwalawa da dakakken barkono ana ci da shinkafa mai danƙo. Duk wanda idonsa ya faɗo, ya ci daga farantin nan.

"Wuta ce ta raba su," in ji Likita. "Tafasa tana kashe gubar. Na cikin miya ya tafasa, na faranti bai ga wuta ba."

Ba wanda ya ambaci suna, domin kowa ya san mai tsiron goran. Goggo Buakham ce ke shiga daji da damina ta saro shi, ta dafa, ta cusa a garwa ta liƙe, shekara ta zagayo ana ci. Ba a yin biki a Huai Saeng ba da garwarta ba. Na waiga inda na gan ta zaune ɗazu, ba ta nan.

Sanit, ɗan Baba Tip, ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa a waje. "Ubana yana can kwance saboda ƙazantar wata! A faɗi sunanta a lasifika mana, kowa ya ji!"

Mai gari ya kalli Likita. Ta miƙe, ko kafaɗar Sanit ba ta kai ba.

"Ƙanena, ubanka yana hannun mutanen kirki, kuma an kai shi da wuri. Ranka ya daɗe, ka faɗi abincin, ka bar sunan. Duk mai tsiron gora daga biki kada ya ci, kada ya zubar wa kaji ko alade, ya kawo nan. Suna ba zai warkar da kowa ba."

Ta sa takalminta ta ce in raka ta. Na bar wa wata abokiyar aikina da ta iso masu jiran dubawa, muka tafi.

Goggo Buakham na zaune a ƙarƙashin gidanta da aka ɗora a kan ginshiƙai, inda inuwa take, kusa da garewaninta da ke jere a kan katako. Ɗaya a buɗe take, ba komai a ciki. Ta haɗa hannuwa a cinya, ba ta ɗago ba. Matar nan ita ta koya mini ɗaure shinkafa a ganyen ayaba, ban taɓa ganin hannunta a zaune ba sai ranar.

Likita ta gaishe ta da tafin hannu a haɗe, ta zauna a ƙasa, ƙasa da ita.

"Kun zo tafiya da ni ne?" in ji Goggo.

"A'a, Goggo. Taimako na zo nema."

"Tun ba a haifi yarinyar nan ba nake wannan aikin." Ta nuna ni da haɓa. "Sai na wanke garwa har hannuna ya yi fari. Na shinshina, na ɗanɗana kafin in kai. Ba wari, ba komai."

"Na yarda da ke. Ba ya wari. Da ina wurin, ni ma da na ci, in ƙara. Kin ɗanɗana da yawa?"

"Lasa kawai. Mai girki ba ta ci."

Duk da haka na duba idonta, na sa ta ƙirga. Ta yi nisa, muryarta na rawa amma ba don guba ba.

Likita ta kamo hannunta. "Goggo, an ce da aka tashi biki akwai ragowa, kuma ke kika raba a ledoji. Duk garin nan ba wanda ya san inda ragowar nan ta tafi sai ke. Wataƙila yanzu haka wani yana shirin kwance ledarsa. Ki tuna mini su."

Goggo ta rufe ido. Na zaci kuka za ta yi, sai na ji ta fara. Ta ba jikar mai gari da ke da juna biyu, wadda ta koma birni a motar safe, don ta ce kwaɗayinsa take. Ta ba magini daga ƙauyen ƙetaren rafi, wanda ya gyara rufin haikali. Ta ba wata bazawara da ba ta samu zuwa ba saboda ciwon gwiwa, aike ta yi mata. Kowa da dalilin da ya sa ta ba shi, ba ta manta ko ɗaya ba. Tana faɗa, ina nemo lambar dangin mutumin, Likita tana bugawa. Jikar mai gari ta ce ledar tana cikin firji, da yamman nan ta yi niyyar ci. Da Goggo ta ji haka sai ta dafe ƙirji ta sauke ajiyar zuciya.

Hannun bai sauka daga ƙirjin ba. Na ga fuskarta ta canza.

"Mun," ta ce.

Kawu Mun mijinta ne. Tun jiya da sassafe ya hau gonarsu ta masara da ke bayan tsauni, inda yake kwana a bukka yana korar birai. Waya ba ta kaiwa can.

"Ya ci a biki. Kuma ledar da ta fi girma shi na ƙulla wa. Ya fi son sa haka, ba dafuwa."

Likita ta dube ni. Ta ce ita za ta tsaya, don har yanzu ba ta gama sanin yawan mutanen ba, kuma ana jiran lissafinta a lardi. "Ki bar oba-obarki a kunne. Kafin ki sauko zan san inda za ki kai shi."

Goggo ta riga mu shiga mota, ba wanda ya yi yunƙurin hana ta. Na ce wa mai gari ina bukatar ƙarfafa biyu da za su ɗauko mutum daga tudu. Wani magidanci ya fito. Na biyun da ya haye bayan mota, bai kalli kowa ba, Sanit ne.

Inda hanyar mota ta ƙare muka sauka muka hau da ƙafa, rana na dukan ƙeya, masara ta fi mu tsawo. Goggo ce a gaba, da tsufanta, ba mu iya cim mata ba. Haushin karensu muka fara ji.

Kawu Mun na kwance a dandamalin bukka, ƙafa ɗaya a ƙasa, da alama ya yi niyyar saukowa jikinsa ya ƙi. Idanunsa a rufe, leɓɓansa sun yi duhu, ƙirjinsa da ƙyar yake motsi. Goggo ta ƙwala kira ta zube a kansa. Na janye ta a hankali, na share masa baki, na ɗora masa abin rufe hanci da baki, na haɗa da jakar robar da muke matsawa ta tura wa mutum iska. Na matsa, ƙirjinsa ya ɗaga. Na sake matsawa. Sannu a hankali duhun leɓɓan ya fara washewa.

Saukowar nan ba zan manta da ita ba. Muka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, Sanit a gaba, magidancin a baya, Kawu Inta riƙe da tukunyar iska, ni ina tafe a gefe a karkace, hannu ɗaya a fuskar Kawu Mun, ɗaya yana matsa jaka. Sau da dama santsi ya kwashi Sanit, ya durƙusa a kan gwiwa, amma bai bar gadon ya taɓa ƙasa ba.

Da muka shiga mota Kawu Inta ya saki jiniya. Goggo ta takure a kusurwa tana kallon mijinta kamar gawa.

"Ya tafi, ko? Ki gaya mini gaskiya, Saifon."

"Goggo, yana nan. Duk abin da kike faɗa yana ji. Ƙarfin buɗe ido ne ba shi da shi. Matso ki ɗaga masa fatar idon da yatsanki."

Ta matso. Ta ɗaga masa fatar ido ɗaya, a hankali, kamar mai buɗe murfin abin da take tsoron ya fashe. Ƙwayar idon ta ɗan yi yawo, sannan ta tsaya a kanta.

"Mun," ta ce. "Kai, Mun."

Na ce masa in yana jinmu ya motsa ƙafa, don ƙafa ce gubar ke kaiwa a ƙarshe. Babban yatsansa ya motsa.

Daga nan Goggo ta buɗe baki, kuma abin mamaki faɗa ta fara yi masa. Wai wane irin haɗama ne mutum ya cinye leda guda shi kaɗai. Wai ta ce masa ya tafi da riga mai kauri ya ƙi. Wai in ya kuskura ya bar ta da masarar nan da birai, ba za ta yafe masa ba. Tana faɗan hawaye na ɗiga a kan rigarsa, yatsanta kuma bai saki fatar idon ba. In wannan ido ya gaji ta sauke, ta ɗaga ɗayan.

Can muryarta ta yi ƙasa. "Ni na yi maka wannan. Da hannuna na ƙulla maka."

Ƙafar Kawu Mun ta kaɗa gefe da gefe. Ta sake kaɗawa, har diddigensa na bugun ƙarfen gado.

"Ya ce ƙarya kike, Goggo," na ce.

"Haka yake, ko magana ba ya iyawa sai ya yi mini musu."

Oba-oba ta yi ƙara, muryar Likita Oranuch ta fito. Ta ce kada mu tsaya a asibitinmu, na'urorin numfashin da ke can duk an sa wa mutane. Ta samar wa Kawu Mun gado a asibitin lardi, kuma motarsu ta riga ta taso da likita da na'ura, za mu haɗu a gadar babban kogi. Makari kuma yana hanya, jirgi zai kawo shi.

"Yaya hannunki?" ta tambaya.

"Yana nan."

"Na san yana nan. Yaya yake?"

"Ya mutu tun a kan tudu, Likita, amma bai daina aiki ba."

Gaskiya na faɗa mata. Yatsuna sun sandare, kafaɗata kamar ana soka mini allura. In na gaji da dama in koma hagu. Kowace kwana Kawu Inta ya sha sai in dafe da gwiwa don kada abin fuskar ya goce. Numfashin mutum guda yana tafin hannuna, kuma matarsa tana kallon hannun.

A gada muka tarar da su suna jira. Suka karɓe shi, likitan ya zura masa robar numfashi, na'ura ta karɓi aikin hannuna. Goggo ta bi su. Har ta sa ƙafa a motarsu ta dawo, ta kama hannayena biyu ta kai goshinta, sannan ta juya.

Na zauna a bakin hanya. Yatsuna sun ƙi miƙewa. Kawu Inta ya tsuguna yana buɗe mini su ɗaya-ɗaya yana murzawa, yana mita wai yaran yanzu ba su da ƙwari. Ya ba ni ruwa a baki kamar jaririya. Sannan muka juya muka koma Huai Saeng, don Likita ta ce akwai sauran waɗanda take so in sake dubawa kafin rana ta faɗi.

Mutane da yawa suka kwanta a wannan karon, wasu kwana kaɗan, wasu makonni. Makarin ba ya mayar da abin da guba ta riga ta kama, yana dai hana ta ci gaba, sauran sai jiki ya gyara kansa a hankali. Amma ba mu binne kowa ba. Duk ledojin da Goggo ta ambata an same su, yawancinsu ba a kwance ba. Malama Wilai ta koma aji. Baba Tip ya dawo yana cewa yanzu ni ɗaya yake gani, kuma hakan ma ya ishe shi.

Kawu Mun ne ya fi kowa daɗewa. Goggo ta shimfiɗa tabarma a barandar asibitin lardi, ta ƙi komawa gida. Na san ba don jinya kaɗai ba ne, kunyar haɗa ido da mutanen gari take ji. Duk lokacin da muka kai wani can, nakan leƙa ta. Wata rana muka je tare da Likita Oranuch, ta zauna kusa da ita ta gaya mata cewa jikar mai gari ta haihu, mace, lafiya lau.

"Da kin yi shiru ranar nan, Goggo, da wani labarin ake yi."

Goggo ta share ido da gefen zaninta. "Masarata fa? Birai sun gama da ita, ko?"

Na ce mata an girbe. Matan gari ne suka yi gayya, Sanit ya kwaso a a-kori-kurarsa, tana nan a rumbunta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya fuska ga bango, kafaɗunta na girgiza. Muka bar ta ta yi mai isarta.

Sai da damina ta zagayo ta kankama aka sallami Kawu Mun. Mu muka mai da shi gida, Likita ta biyo mu don tana da zama da matan gari a kan yadda za a riƙa tafasa abin garwa kafin a ci. Ya rame, muryarsa ta zama siririya, tsanin gidansa ma sai da aka tallafe shi. Maƙwabta suka cika tsakar gida, wannan da ƙwai, wannan da ayaba, suna ta "sannu da dawowa" har da Goggo, wadda ta rasa inda za ta sa idonta.

Da aka watse ta tambaye shi me zai ci. Ya ce miyar tsiron gora.

"Ba a gidan nan ba," in ji ta. "Har abada."

"Wata nawa ina shan ruwan shinkafa ta hanci, mata. Yanzu damina ce, sabo ne a daji, ko garwa bai gani ba. Likita, gaya mata."

Likita ta ce ita ba ta shiga tsakanin miji da mata, amma dai sabon tsiro da aka tafasa ba ya cutar da kowa, kuma ita ma yunwa take ji.

Goggo ta ɗauki adda ta fita tana gunaguni. Ta dawo da tsiro uku masu kyau, ta feraye, ta yanka, ta ɗora a wuta. Ya tafasa, ta ƙara itace. Ya sake tafasa, ta ƙara ruwa ta ƙara itace. Kawu Inta ya yi barci ya farka, tukunya tana kan wuta. Da ƙyar Likita ta lallashe ta ta sauke.

Kawu Mun ya ɗebo cokali guda, ya ɗaga, ya karkata shi, abin ya zubo kamar kunu.

"Buakham, ina tsiron goran yake?"

"Yana ciki. Ka sha ko ka bari."

Ya sha. Ta zauna a gefensa tana tare masa haɓa da tsumma, don har yanzu haɗiya tana ba shi wuya. Mu ma aka zuba mana, muka ci da shinkafa mai danƙo, ruwan sama yana dukan rufin kwano. Ya miƙa mata kwanon ta ƙara masa, yana cewa gishiri bai ji ba, tana cewa bakinsa ne ya lalace a asibiti. Suna cikin wannan musun oba-oba ta yi ƙara a mota, wai babur ya kayar da wani a hanyar kasuwa. Muka ajiye cokula muka sauka.